'Yar Faifai Ɗaya

Da faifai a naɗe cikin hankici ta shigo shagon, ta tallafe shi kamar mai ɗauke da ƙwai. Shi kuwa ya ba ƙofa baya, yatsunsa na gudu a kan rimot, ya tattara hankalinsa kaf a kan wani dodo na wasan gem a talabijin da ya tare masa hanya tun safe. Sai da ta maimaita sallama sannan ya amsa. Da ya juyo ya gan ta, dodon ya samu sa'a ya gama da shi nan take, shi kuma ko a jikinsa.

Zakara ake kiransa a duk ginin kasuwar, kuma ya ci sunan. Ba a taɓa kawo sabon faifan gem shagon nan ya yi mako bai ga ƙarshensa ba. Shagon nasu ne shi da yayansa, yayan yana riƙe da ciniki, shi yana riƙe da surutu.

Ita kuma Auta ce a gidansu, ba ta daɗe da fara aiki a shagon tabarau da ke hawa na sama ba. Ta warware hankicin, ta ce faifan ya fara sarƙewa, ko ana iya gyara shi?

Ya karɓa ya juya shi, sai dariya ta ƙwace masa. Wasan kwalabe ne, wanda mutum zai wurga hannu kamar yana mirgina ƙwallo, ƙwallon ta tafi a talabijin ta kayar da kwalaben da aka jera. Shi ne faifan da ake sakowa kyauta a kwalin farar na'urar gem. Ya tambaye ta sauran wasannin da suke da su a gida, ta ce babu. Ya ce tun yaushe? Ta ce tun tana sakandare.

Zakara ya dafe kai. Maimakon ya yi shiru kamar mai hankali, sai ya buɗe mata karatu. Ya nuna kantar hagu, ta baƙar na'ura, ya ce masu ita ba su da yawa, amma su ne masu gem na gaske, duk wata suna nan, su sayi sabo, su cinye shi, su dawo da shi a canza musu. Ya nuna kantar dama, ta farar na'ura, inda ƙura ta kwanta. Ya ce wannan kusan kowane gida akwai ta, ta fi baƙar shiga hannun jama'a nesa ba kusa ba, amma masu ita in sun fita da kwali sai dai a lahira. Iyaye ne da kakanni da yara, su samu wasa guda su liƙe masa.

“Irinku ne kuke kashe mana kasuwa,” in ji shi.

Ta ɗaga gira ta ce, “To Allah ya ba ku haƙuri. Mu in muka samu abin da muke so, ba ma neman wani.”

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Goge faifai a inji aikin ɗan lokaci ne, kafin shayi ya huce an gama, amma ya ce mata sai gobe, kuma ta bar lambarta ko da wani abu zai taso. Yayansa da ke jin su ya yi tari, ya juya yana gyara abin da ba ya buƙatar gyara.

Wani abu kuwa ya taso tun kafin ta isa gida.

“Salam. Mai shagon gem ne. Faifanki yana samun sauƙi, ya ci abinci, yana tambayar ki. Sai dai likita ya ce dole mai shi ta zo da kanta, ba aike ba.”

Ta karanta a cikin mota, ta rufe baki da gefen mayafi don kada fasinjoji su ɗauka ta zare. Ta amsa: “A gaishe shi. A faɗa wa likitan kuma ya rage surutu a kan marar lafiya.”

Daga nan aka ɗora. Ya sa mata suna 'Yar Faifai Ɗaya, ita kuma ta ƙi kiransa Zakara, ta ce sai dai Sarkin Yatsu. Kwatsam idanunsa da ba su taɓa ciwo ba suka fara buƙatar awo, yana hawa sama a duba shi, a ce masa lafiyarsa ƙalau, ya sauko bakinsa har kunne. Ita ma ta gano cewa matakalar da ke wucewa ta ƙofar shagonsu ta fi sauƙin sauka, ko da yake ta fi nisa.

Wata rana a lokacin hutun rana suna zaune a bencin da ke gaban ginin, ta ba shi labarin Baba. Kafinta ne, shi ya ƙera kusan duk abin da ake zama a kai a gidansu. Bayan rasuwar Mama ne ciwo ya buge shi, ya taɓa masa hannun dama. Likitan motsa jiki da ke zuwa duba shi ya ce wasan kwalaben nan magani ne, a bar shi ya riƙa wurga hannun kullum. Shi ya sa da faifan ya sarƙe hankalinta ya tashi.

Zakara ya ji kunyar dariyar da ya yi. Ya ce, “Ki yafe min, 'Yar Faifai Ɗaya. Bakina yana riga kaina isa wuri.”

“Na lura,” in ji ta. “Amma yana dawowa ya ba da haƙuri, shi ya sa ban kore shi ba.”

“Ni kuma na lura tun ranar da kika shigo ban ƙara cin dodon nan ba. Ina kunna gem sai in tsinci kaina ina kallon matakala.”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da zoben hannunta. Ta san tana son sa, kuma ta san ya sani.

Akwai abu ɗaya da ba ta faɗa masa ba, ba don ɓoyo ba, sai don a gidansu ma ba a taɓa faɗarsa da baki ba. A farar na'ura kowa yana da ɗan mutum-mutuminsa da ya zana da kansa, kuma in an gama wasa akan nuna wata 'yar matakala, waɗanda suka fi kowa maki a tarihin gidan suna tsaye a kai. A saman matakalar Mama ce, da tabaranta da koren ɗankwali, tana ɗaga hannu. Ta kafa makin ne wata rana da ta shigo daga kicin ta karɓi rimot da hannu mai danshi, ta share kwalabe a jere har yara suka daina ihu suka tsaya kallo. Tun da ta rasu, duk wanda ya ga ya doshi makinta sai ya karkatar da hannu, ƙwallon ta faɗa kwatar gefe. Yayyen Auta haka suke yi in sun kawo ziyara, jikoki ma sun koya ba tare da an koya musu ba. Baba kuwa tun yana nesa yake fara zubarwa.

Ranar da Zakara ya zo gaishe da Baba, ya tarar da likitan motsa jikin a falo. Saurayi ne mai natsuwa, mai tsabtar farce, wanda ba ya zuwa hannu rabbana, kuma duk unguwa ta san ba hannun Baba kaɗai yake zuwa dubawa ba. Baba yana ji da shi.

Baba ya dubi Zakara daga sama har ƙasa, ya ce, “An ce min sana'arka wasa.”

Zakara ya gyara zama ya ce sayar da wasa dai, Baba. Da ya ga tsohon yana saurare, sai ya saki jiki ya sake buɗe karatun nan nasa na kanta biyu, har da ƙarin bayani. Ya ce a wannan sana'a kwastoman kirki shi ne mai saurin gajiya da abu, wanda sabo ke tsole masa ido.

“Kai wanne ne a ciki?” in ji Baba.

“Ni ai Baba ba na wuce mako da wasa ɗaya. Da na ga ƙarshensa na wuce gaba.”

Baba ya juya ya dubi 'yarsa. Auta ta miƙe ta ce bari ta kawo shayi, a ranta tana cewa yau bakin nan ya kai su ya baro.

Tana kicin ta ji an kunna na'ura. Likita ya yi wasa da Baba ya faɗi cikin ladabi, kamar yadda ya saba. Sai aka miƙa wa Zakara rimot. Da yake ba shi da mutum-mutumi a gidan, na'urar ta ba shi wanda take ba kowa, wani fari fat marar ido marar baki, an rubuta Baƙo a ƙasansa.

Jifa na farko ya gane inda sirrin wasan yake, a wuyan hannu. Daga nan ya manta da inda yake. Mutumin da ya yi shekaru yana fama da dodanni, a ce ya sassauta wa kwalabe? Ya ga ana nuna wani maki a kusurwa, a saninsa kuwa duk makin da aka rataye a sama don a wuce shi aka rataye shi. Yana son ya burge Baba. Bai ji falon ya yi tsit ba, bai ga likita yana masa alama da ido ba.

Auta ta shigo da tire daidai lokacin da ƙwallon ƙarshe ta bar hannunsa. Ta buɗe baki, amma kwalaben sun riga sun zube.

Na'urar ta ɓarke da kiɗa da tafi. A gaban idonsu Mama ta sauko mataki ɗaya, tana murmushinta, farin nan marar fuska ya haye wurinta yana tsalle. Zakara ya juyo yana dariya yana jiran yabo, ya ga hawaye a fuskar Auta.

“Kashe,” in ji Baba. Da aka kashe ya ce, “Baƙo ya ci. Sai ya tafi gida.”

A bakin ƙofa likita ne ya yi masa bayani, a hankali, ba tare da ya nuna jin daɗi ba. Zakara ya zaro wayarsa. Kafin ya kai titi ya rubuta mata:

“Wallahi ban sani ba. Da na sani da na yanke hannun. Amma kada ki damu, ina iya gyarawa. In na haɗa na'urar da kwamfuta zan goge makina, Mama ta koma wurinta kamar ba a yi komai ba. Ki ba ni ita gobe.”

Amsar ba ta zo ba sai washegari.

“Kamar ba a yi komai ba? Baba ya gani da idonsa. Mama da hannunta ta hau wurin nan, ba kwamfuta ce ta ɗora ta ba, kuma ba kwamfuta ce za ta mayar da ita ba. Kai komai a wurinka in ya lalace sai a goge a sake. Don Allah ka bar ni in ji da mahaifina.”

Baba ya sa aka lulluɓe na'urar da ƙyalle. Ya daina wurga hannu, hannun kuma ya fara komawa gidan jiya, har cokali ya soma gagararsa. Ya faɗa wa Auta ƙarara cewa ba zai ba da 'yarsa ga mutumin da da bakinsa ya ce ba ya wuce mako da abu ɗaya ba, wanda kuma in ya shiga gida ba ya duba fuskar mutanen gidan. Ya ce likita ya yi masa maganar aurenta, ta yi tunani.

Ta koma sauka ta matakalar kusa. Saƙonnin Zakara suna shigowa tana karantawa ba ta amsawa, tana kuma jin haushin kanta da take jiran su. Ran nan ya hango ta tana shiga motar likita, daga ranar saƙonnin suka tsaya. Bai san asibiti suka kai Baba ba.

Shirun ya fi saƙonnin ciwo. Da ta kasa daurewa ta bi ta ƙofar shagon kamar mai wucewa, ta ga wurin da farar na'urar gwaji take zama babu komai sai shatar ƙura. Yayansa ya ce ai Zakara ne ya ɗauke ta, ya ce ba ya son kowa ya taɓa. Ranta ya ɓaci, ta ce wato har ya ga ƙarshensu ya wuce gaba. Ta juya za ta tafi ke nan sai ta ji wata ƙara da ta sani tun tana yarinya tana fitowa daga ɗakin ajiya, ƙarar zubewar kwalabe.

Ta tura ƙofar. Yana tsaye tsakanin kwalaye, gumi ya jiƙa masa riga. Ya ɗaure damtsensa na dama a jikinsa da bel, ya rataya gorar ruwa a wuyan hannun, yana ƙoƙarin jifa a haka. Da ya gan ta ya yi tsuru-tsuru kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya.

Ya ce yana neman yadda hannun da ba ya ɗaguwa zai iya share kwalabe ne. Tun da ba a goge maki da kwamfuta, to a sauke Baƙo da hannu, kuma hannun mai gidan ne ya kamata ya sauke shi. Ya ce har wurin likita ya je ya tambayi irin motsin da ba zai cutar da kafaɗar Baba ba, likitan kuma ya zaunar da shi ya nuna masa, duk da ya san abin da ke tsakaninsu.

“Ko kin zaɓe shi,” in ji Zakara, “mutumin kirki ne, ba zan ce komai ba. Amma ni na sa Baba ya ajiye hannunsa. Wannan ba zan iya wucewa in bar shi ba.”

Ta tsaya tana kallon gorar ruwan tana lilo. Dariya da kuka suka zo mata tare. “Sarkin Yatsu,” ta ce, “kwance bel ɗin nan kafin hannunka ya mutu, mu koma jinyar mutum biyu. Ban zaɓi kowa ba. Na riga na gaya maka yadda muke a gidanmu.”

Ba ta san yadda za ta kai wa Baba maganar ba, sai ga shi Baba ya sauƙaƙa mata. Ta dawo daga aiki da yamma ta tarar ƙyallen yana ƙasa, tsohon yana tsaye a tsakiyar falo yana haki, yana jifa yana faɗa da talabijin. Ya ce ya yi ƙoƙarin ya manta ya kasa, ba zai bar wani ƙato marar fuska a tsaye a kan uwarsu ba. Sai dai ko rabin makin bai kai ba. Ta zauna a gefensa ta ba shi labarin ɗakin ajiya, da bel, da gorar ruwa. Ya daɗe yana murza gemu.

“Kira min shi,” in ji shi.

Zakara ya zo ya durƙusa. Baba bai bar shi ya gama ba da haƙuri ba. Ya ce, “Kai ka hau, kai za ka koya min yadda zan sauke ka. Ranar da na sauke Baƙo daga wurin nan, ka turo manyanka. In kuma ka gaji a hanya, ƙofa ba ta da kwaɗo.”

Haka Zakara ya shiga takara da kansa, kuma abokin takarar ba ya sassauci, domin maki ya riga ya zauna. Kullum in an rufe shago yana falon Baba. Ya matsar da kujeru, ya manna ɗan tef a kan tabarmar roba inda tsohon zai sa ƙafa, ya koya masa ya bar kafaɗa ta huta wuyan hannu ya yi aikin. In jifa ya yi kyau ya ce ya yi kyau, in ya ɓaci ya ce ya ɓaci. Baba ya kira shi marar kunya, ya kira shi ɗan baƙar na'ura, amma in ya makara sai ya fara leƙa taga.

Likita yana zuwa yana auna hannun, yana ƙara musu abin da za su yi da wanda za su bari. Shi ne ya fara ganin yadda Auta ke kallon mai tef ɗin nan in ta kawo ruwa. Ya samu Baba su biyu ya janye maganarsa cikin mutunci, ya ce zuwa duba hannu kuwa ba fashi.

A shago abin ya zama abin tsokana. Sabbin faifan baƙar na'ura suna zuwa suna ƙarewa Zakara bai buɗe ko ɗaya ba. Samarin da suka saba tambayarsa yadda ake wuce wuri kaza suka ce Zakara ya zama kaza, ya koma wasan tsofaffi. Yayansa ya ce shi dai har gobe baƙar ce ke ciyar da shagon, farar sai cin wuri. Zakara ya yarda haka ne. Ya ce abin da bai sani ba a da shi ne, faifan baƙar mutum ɗaya ke ci a ɗaki shi kaɗai, na farar kuwa guda ɗaya gida guda yake tarawa, kuma wannan ba ya fitowa a ciniki. Ya goge ƙurar kantar dama, ya bar ta a inda take.

Watanni suka tura. Makin Baba yana hawa yana sauka, wani lokaci ya yi mako bai motsa ba. Auta ce ta fara karaya. Ta rubuta masa:

“Sarkin Yatsu, na gaji da kallonka daga ƙofar kicin. Gyaran nan da ka ce kana iya yi da kwamfuta, ba sai ka goge ba, ka ɗan rage makin Baƙo kaɗan mana. Baba ba zai lura ba. Ina tsoron kada mu tsufa a falon nan.”

Ya amsa: “'Yar Faifai Ɗaya, ke kika hana ni, kuma kin fi ni gaskiya a ranar. Jiya Baba ya ɗauki kofi da hannun dama bai ma san ya ɗauka ba. In na rage, na sace masa wannan. Ni ban gaji ba. Ban taɓa zama da wasa ɗaya haka ba, kuma kullum sai na ga abin da ban gani ba jiya. In tsufan ne, a falon da kike ciki ai ba asara.”

Ta karanta, ta kifa wayar a ƙirji, ta daɗe a haka.

Wata yamma da ba wanda ya sa rai, hannun Baba ya faɗa daidai. Ya share, ya sake sharewa, ya kuma sharewa. Auta ta bar abin da take yi ta fito. Zakara ya zuba wa talabijin ido. Saura jifa biyu, sai tsohon ya tsaya cak, yana kallon kusurwar talabijin. Ya zo dab da makin Mama. Duk cikinsu ba wanda ya taɓa kawo wannan a ransa, cewa ba a isa wurin Baƙo sai an bi ta kanta.

Ya ɗaga rimot zai jefa. Auta ta ga wuyan hannun yana karkata zuwa gefe, yadda ya saba. Ta matso ta dafa kafaɗarsa.

“Baba, ka wuce ta,” in ji ta a hankali. “Da tana nan, ita za ta fi kowa ihu. Kullum cewa take kana ƙyale ta ne.”

“Ba ƙyale ta nake ba,” in ji Baba. “Ta fi ni ne.”

Ya goge ido da hannun riga, ya gyara ƙafa a kan tef, ya jefa. Kwalabe suka zube duka. Ya sake jefa na ƙarshe da duk ƙarfin da Allah ya bar masa, suka zube, guda ɗaya a gefe ta yi tangal-tangal, ta yi kamar za ta faɗi, ta tsaya da ƙafarta.

Bai kai Baƙo ba. Zakara ya sauke numfashi ya ce ba komai Baba, gobe ma rana ce, ko da yake shi ma ji ya yi kamar ya rushe da kuka.

Baba bai ji shi ba, matakalar yake kallo. Ɗan mutum-mutuminsa mai furfura, wanda bai taɓa hawa ko matakin ƙasa ba, ya taka ya hau na biyu. Mama tana na uku, kafaɗarsu tana gogar juna, su biyun suna ɗaga hannu. Tsohon ya ja kujera ya zauna dab da talabijin.

“Shekara da shekaru ina zubar da ƙwallo don kada in taɓa ta,” ya ce daga baya. “Ashe nesa da ita nake ajiye kaina.”

Sannan ya nuna farin da ke sama. “Wannan kuma na gaji da ganinsa ba ido ba baki. Auta, karɓi rimot ki yi masa fuska, ki cire sunan nan. Mutumin da ya yi watanni yana cin abincina yana min tsawa a falona ba baƙo ba ne. Kai kuma ka turo manyanka. Sauke ka zan sauke ka, amma na fi son in sauke surukina.”

Zakara ya durƙusa ya rasa bakin magana, karo na farko tun da aka haife shi. Baba ya miƙa masa hannun dama ya ɗaga shi, riƙon kuwa riƙon kafinta ne.

An yi biki cikin rufin asiri da farin ciki. Likita ya zo da kyautarsa, samarin baƙar na'ura suka cika wuri suna tsokanar ango. Da za a tafi da amarya Baba ya ɗora hannun nan a kanta, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya sa su ishi juna, ya ba su zuri'a mai jin ƙai. Auta tana kuka, angon yana share nasa a ɓoye.

Suna cikin mota ba su ko bar layin ba wayar ango ta yi ƙara, saƙo ne daga Baba. Amarya ta karɓa ta karanta masa, tana dariya cikin hawaye:

“Na ba ku mako guda. Bayan nan ina jiran ka da yamma, ka zo da ita ta yi mana alƙalanci. Kada ka makara.”